Shafin da Ya Ce Yayata Ba Za Ta Zo Suna Ba

Ni ba mai fita ba ce, kuma ba na jin haushi in an faɗa. Ranar kasuwar Illela mutanen Araba da Gidan Katta da na ƙetaren iyaka suna wucewa ta bayan katangarmu, ni ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, daga muryar mutum kawai nakan san ko ya sayar ko ya komo da kayansa. Karatun boko ban yi nisa ba, ina dai haɗa baƙi in an rubuta shi da girma. Amma kunne Allah ya ba ni, kuma da shi nake auna mutane. Da shi kuma na auna shafin intanet ɗin da ƙanen maigidana ya gina mana, wanda ya kusa raba ni da yayata.

Ɗiyata ta fari ba ni na raine ta ba. Tana barin nono yayata, wadda muke ciki ɗaya, ta zo daga Ƙwanni inda take aure ta goya ta ta tafi da ita, kamar yadda ake yi. A hannunta ta girma, ita ta yi mata kayan ɗaki. Da cikin fari ya tsufa, gidan yayata ya kamata ta je ta haihu, sai ya zo daidai lokacin da aka rufe iyaka, motoci ba sa wucewa, aka ce ta zo gidanmu. Ni ko sunanta ba na faɗa, balle in tsaya ina watsa mata ruwan zafi da ganye mutane suna kallo. Wannan aikin yayata ne. Ita za ta karɓi wankan jego daga hannun ungozoma, ita za ta dama kunun kanwa, ita za ta zauna a gurbin uwa ranar suna ana yi mata barka. In ba ta zo ba, yarinya za ta yi jegonta na fari kamar marainiya alhali uwa biyu gare ta, ɗaya kunya ta ɗaure ta, ɗaya tana wata ƙasa.

Ranar da aka haihu na kira yayata a waya. Ta yi guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. Ta ce an yi rasuwa a dangin mijinta, suna zaman makoki, amma da an ɗan sarara tana nan tafe ko da ƙafa ne. To wannan sanarwa ce. Gayyata daban take. A wurinmu sai an ƙulla goro an aika wa babba har ɗakinsa, ya kwance da hannunsa, sannan ya san an kira shi suna.

Nan autan su maigida ya shigo. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya, yana aiki a wani ofis a Sakkwato, kuma a gefe yana gina wa mutane shafuka. Akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya yana satar mini ƙanzo. Ya zo barka da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya tarar ana maganar wa za a aika Ƙwanni da goro.

Ya ce, "Matarmu, wa ka yawo da goro gida-gida a zamanin ga? Ku bar mani. Shafi za ni yi, kowa in aika mashi tashi igiya da sunanshi a ciki. Shi danna, shi ga gayyata, shi ba da amsa. Kuna zaune ku san yawan tuwon da za a tuƙa."

Na ce, "Maigida ƙarami, shafin naka ana tauna shi?"

Ya ce, "Ke dai ba a raba ki da ƙauyanci."

Na ce, "Ƙauyen da kaka zuwa cin tuwo."

Maigida ya yi dariya, ya ce a bar auta ya gwada, tunda hanya ba daɗi. Na dai san masu kabu-kabu suna bi ta gonaki safe da yamma da mutane da kajinsu, ƙullin goro ba zai gagare su ba. Amma namiji in an nuna masa hanyar da ba sai ya tashi ba, ba ya sake duban wata.

Da farko hoton jaririn ya so ya sa a gaba, yaron da ko aski ba a yi masa ba, ya baza shi duniya kowane baki ya taɓa. Na ce in ya sa sai na jiƙa kwamfutar a ruwan wanka. Ya cire. Sannan ya tambayi sunan da za a raɗa don ya rubuta da ruwan zinariya. Maigida ya kalle shi kawai, kallon ya ishe shi. Ya koma Sakkwato, washegari igiyoyin suka fara shigowa wayoyin mutane, shuɗin rubutu mai tsawo kamar tsutsa.

Na danna tawa. Ku da ba ku san Illela ba, sabis ɗinmu mai ra'ayi ne. In na matsa wajen katangar arewa sai wayata ta kama na Nijar, ta yi mini barka da zuwa ƙasar da ban je ba. To a wannan sabis ɗin auta ya ɗora kayan da jaki biyu ba sa ɗauka. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Na ɗora ruwan kunu, ya tafasa, zobe yana juyawa. Da ya gaji ya buɗe, sai furanni suka fara zubowa daga sama kamar ana sheƙar gero, suna rufe rubutun. Rubutun kuwa rawaya ne a kan ruwan ƙwai, siriri kamar ƙafar tururuwa, kuma gaisuwar da Turanci, alhali rabin danginmu na ƙetare in sun yi boko Faransanci suka yi, sauran sai ajami. Ranar suna da wurin suna, abin da mutum ya zo nema, yana can ƙasa, sai ka yi ta ja da yatsa kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.

Ina cikin ja sai kiɗa ya fashe. Ba wanda ya tambaye shi, ba sallama. Irin kiɗan biki na zamani mai ƙarar ƙarfe, da iyakar ƙarfin wayar. Jariri ya firgita a ɗaka, akuya ta tsinke igiya. Na juya wayar gaba da baya ina neman inda ake rufe masa baki, ban gani ba, na cusa ta ƙarƙashin matashi har ya gaji. Daga baya auta ya ce ai akwai wurin kashewa, wani ɗan ɗigo a kusurwar sama. Na ce ɗigon da sai mai idon shaho.

A ƙarshen duk wannan wahala akwai maɓalli biyu manya, nan kam ya rubuta da Hausa. Kore ya ce ZAN ZO. Ja ya ce BA ZAN ZO BA. A ƙarƙashinsu kuma duk wanda ya danna sunansa yana fitowa, kowa yana gani.

Mutumin da aka haifa a gidan nan, aka yi masa suna a zauren nan, shi ya rubuta wannan. Wane ɗan Musulmi zai buɗe baki ya ce zan zo, tsirara haka, ba in Allah ya yarda, kamar ransa a aljihunsa yake? Wa kuma aka yi wa tarbiyya zai dubi mai gayyata ya ce ba zan zo ba? Wanda ba shi da niyya cewa yake Allah ya kai mu, kai kuma ka ji a muryarsa ka rage masa kwano. Saboda haka mutanen kirki suka buɗe, suka sha kiɗa, suka ajiye. Waɗanda suka danna kore abokan aikinsa ne na Sakkwato, kuma har aka watse ban ga ƙeyar ko ɗaya ba.

Mai jego ce ta fara gani. Tana kwance da wayarta bayan wankan yamma, na shiga ajiye kunu, na ji numfashinta ya canza. Ni kuwa ba zan tambaya ba. Ta ajiye wayar a bakin gado, fuska sama, ta juya ta kalli bango. Na sunkuya kamar mai gyara kwano. Sunan yayata ne, da jan rubutu, wannan kam ba siriri ba: ba za ta zo ba.

Na fito na zauna bakin murhu. Ta bayan labule ina jin kukan da take yi a hankali don kada in ji. Uwar da ta goya ta ta faɗa wa duniya ba ta zuwa, ni da na haife ta ba ni da bakin rarrashi. Kafin magariba mata sun fara shigowa da barkar da ba ta barka ba ce. Wata ta ce, "Ashe Hajiyar Ƙwanni ba ta samun zuwa? Lahiya dai?" Na ce lafiya. Wata ta ce ita dama ta ji ana cewa tun wajen kayan ɗaki akwai 'yar magana. Ba wata magana, amma ranar sai da aka haifo ta aka yi mata suna.

Na kira ta. Yayata in ta ɗauki wayata da "ke" take farawa, sannan faɗa, sannan gaisuwa. Ranar sai na ji, "Salamu alaikum. Ina mai jego? Madalla. Allah shi raya." Kamar tana magana da matar liman.

Na ce, "Yaya, sai yaushe?"

Ta ce, "Ai kun riga kun rubuta."

Ta kashe. Na zauna ina juya maganar. Mu muka rubuta? Ita da ta danna da yatsanta? Na ɗauka gatse ne saboda ba a aika mata goro ba, kuma in gatsen ne tana da gaskiya, amma gaskiyar ba ta kai ta tozarta yarinya a gaban dangi ba.

Maƙwabciyata ce ta warware mini, ba da saninta ba. Tsohuwa ce, tun ranar haihuwa take gidanmu, ita ke surfe, ita ke jiƙa gero. Da safe tana zaune bakin turmi ta ciro wayarta daga lalita ta ce, "Wai mi na na autanku ya aiko mani? Kowa na ta magana." Ta danna. Zobe ya yi juyinsa, muka ci gaba da hira har mun manta. Sai kiɗa ya fashe a cinyarta, kuma daidai lokacin maigida yana zaure da baƙi. Ta rikice, ta yi ta shafa gilashin da yatsa mai gari, shafin ya gangara ƙasa, ta ga kore ta ga ja. Ta dangwala ja da ƙarfi tana cewa, "Yi mani shiru, marar kunya."

Kiɗan ya tsaya. Na karɓi wayar na duba. Ga sunanta ya fito ƙarƙashin na yayata. Matar da hannunta ke cikin geron sunan, ba za ta zo ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe waya a ƙasar nan, ko bai san alif ba, ya san abu biyu: kore ɗauka, ja kashewa. Tsofaffinmu da wannan kaɗai suke rayuwa da waya. Auta ya ɗauki jan da suka sani na rufe baki ya ɗora masa yanke zumunci, sannan ya kunna musu kiɗan da dole su nemi kashewa. Na sake duba jajayen. Wani kawun maigida mai ciwon ido, wani ladan, yayata. Duk tsofaffi. Na tuna inda yayata take zaune a kwanakin nan: ɗakin makoki, cikin mata masu jan carbi.

Na kira auta. Na ce, "Injiniya, shafinka ya kori maƙwabciyata daga suna tana tsakar gidana."

Na ba shi labari. Ya yi dariya tukuna, sannan ya ce, "To ai an rubuta a jiki. Laihin shafi na in mutum bai karanta ba?"

Na ce, "Kai ka san wa kaka aika mawa. Ko ka taɓa ganin yayata da jarida?"

Ya ce shafin daidai yake da irin na manyan kamfanoni, shi ya gwada a kwamfutarsa komai yana tafiya sumul. Na ce a ofis mai sanyi, a kan sabis ɗin gwamnati, da idon mai tabarau. Ko sau ɗaya ya miƙa wa wata tsohuwa ya koma gefe ya ga abin da za ta yi? Ya ce ba a haka. Na ce to ni ban san shafi ba, amma na san zaure. Baƙo in ya shigo namu ba ya tambayar inda zai ajiye takalmi, ga buta a inda hannu zai kai, ga tabarma ta fuskanci inda ya kamata. Ba mai tarbarsa da ganga. In kuma ya yi kuskure ya nufi ƙofar cikin gida, akwai mai cewa malam, nan ne, kafin ya ga matan mutane. Shi auta nasa zauren ko "kin tabbata?" bai iya tambaya ba. Mai sayar da manja ma yana tambaya kafin ya zuba.

Ya ce, "Matarmu, wa'azi kika koma?"

Na ce, "Goge sunan."

Ya ce ai ya kulle amsa da gangan, don kada mutane su riƙa canza magana lissafi ya rikice. Sai ya zauna ya buɗe cikin abin, kuma yau akwai taro a ofis. Na ce ya bar shi. Ko ya goge, idon da ya gani ya gani, kuma ba gogewa ce za ta taso da yayata ba.

Na shiga ɗaka na ɗauko mayafin da rabona da shi tun wata gaisuwar mutuwa. Na sa aka sayo goro ja, manya, na zaɓe su ɗaya-ɗaya, na yayyafa ruwa na ƙulle a ganye. Maigida ya ga na fito da takalmi, ya ce, "Ina zuwa?" Na ce Ƙwanni. Sai ya aika a kira wani mai kabu-kabu da ya yarda da shi. Maƙwabciyata ta ce lallai yau za a yi ruwa.

Hanyar gonaki ba ta mai jiki irin nawa ba ce. Yashi, kara, rami, ni ina riƙe da ƙarfen baya da hannu ɗaya, goro a ɗaya, ina karanta duk abin da na haddace. Wayata ta yi ƙara a lalita, na san barka da zuwan nan ce, karo na farko da ta faɗi gaskiya.

Na sami yayata a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rasuwa, ta amsa a taƙaice. Na ajiye ƙullin a gabanta. Sannan ta goge hannu a zane ta kwance, ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

Ta ce, "Ke. Sai da kunka gama yi mani tallar tsiya sannan kunka tuna da goro?"

Da na ji "ke" ɗin nan na san na iso.

Ta ce mata ne suka zo mata da labari, wai an sa sunanta a salula da jan alƙalami cikin waɗanda ba a so su zo. Ita ba ta ce wa kowa ba ta zuwa ba, kayanta ma a ɗaure suke. Sai ta ɗauka mun ga yarinya ta dawo hannunmu, mun ga dama mu ture ta, mu ci sunan mu kaɗai. Na ce, "Yaya, ranar da kina ɗakin makoki, salularki ba ta yi kiɗa ba?"

Ta tsaya. Ta ce, "Wa ya hwaɗa maki? Kunyar da ban taɓa ji ba. Malama na cikin addu'a, abin ga ya kama kiɗan 'yan duniya a cinyata. Da ƙyar na samu jan na kashe shi."

Na ce, "To shi na."

Sai da na maimaita mata sau biyu. Da ta gane, ba ta yi dariya ba. Ta fasa goron, ta ba ni rabi, ta ce, "Wanga autan naku, da kuɗi anka kai shi makaranta?" Na ce har Zariya. Ta ce Allah shi kyauta, ta tashi ta ɗauko ƙullin kayanta da damin ganyen wanka da ta tanada tun ran da na kira ta.

Babur biyu muka yi. Muna shiga gida ba ta gaida kowa ba, ta wuce ɗakin mai jego. Ina tsakar gida na ji ta tana cewa, "Tashi, raguwa. Wa ya ce maki ana kwanciya haka da ɗanyen jiki?" Na ji yarinyar ta fashe da kuka, irin mai sauti wannan karon, yayata tana faɗa tana cewa ruwan bai yi zafi ba, a ƙara itace. Na ƙara.

Ranar suna auta ya iso da sassafe da farar shadda. Tun a waya ya gaya wa maigida kada a yi ɓarnar abinci, shafi ya nuna mutane kaɗan ne. Allah ya sa ba da shafi muka auna tukunya ba. Gida ya cika har bakin titi, na ƙetare sun zo ta gonaki da ƙura a gira, ladan da kawu mai ciwon ido suna sahun gaba. Da aka shafa fatiha ya shigo cikin gida gaida mata. Yayata tana zaune kan tabarmar uwa, jariri a cinya, ana zuba mata barka. Ya durƙusa.

Ta ce, "Wa ya ce ka gaishe ni? Ni ban zo ba. Duba salularka."

Mata suka kwashe. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, za a gyara." Ta miƙa masa goro ta ce ya tauna, wataƙila ya buɗe masa kai.

Ya gyara kuwa, a nasa ganin. Da matarsa ta haihu ya sake yin wani, ya cire kiɗan, ya ƙara maɓalli na uku mai cewa IN ALLAH YA YARDA. Kowa ya danna shi, mai zuwa da marar zuwa, ya kira ni yana ƙorafi wai mutanenmu ba sa ba da amsa. Na ce sun ba ka, kunnen ji ne ba ka sa wa abin ba.

Na farkon kuwa bai taɓa buɗe cikinsa ba. Yaron yanzu yana gudu yana bin kaji, yayata ta yi arba'in ɗinta cur a gidanmu tana juya mu kamar waina. Kwanaki mai jegon ta zo wuni, ta tono igiyar a wayarta ta danna don tsokana. Zobe ya yi juyinsa, furanni suka zubo, kiɗa ya fashe, muka bar shi ya ƙare don kansa ba wanda ya taɓa ja. Can ƙasa sunan yayata yana nan, har yau ba za ta zo ba.